Littafin Bashin Baba

Ruwan Yuni ya shigo Aboabo cikin dare,
bai yi sallama ba.
Da asuba muka tsamo littafin bashin Baba daga ƙarƙashin gado,
ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi.
Cinikin goro na shekara goma sha ɗaya,
tawada ta bi kwata,
ta bar mana takarda mai shuɗin baki.

Na ce, Baba, zan gina maka rumbun da ruwa ba ya ci.
Ya ce, da wace ƙasa?

Kwamfutar ta hannu ce, daga Adum na sayo,
harafi biyu sun goge, batirinta na mutuwa kafin shayi ya huce.
Sherifatu, 'yar Asawase mai gyaran wayoyi,
ita ta ɗora ni a kan PHP.
Ta ce, kowane suna sai ka sa masa alamar dala a goshi.
Na yi dariya. Ni da ko sidi ashirin ba su kwana a aljihuna,
ga ni ina raba dala layi-layi.

Kwana uku allon yana fari fat.
Na zargi injin, na zargi masu wuta,
na zargi hannun da ya sayar mini.
Ashe waƙafi mai ruwa ne, guda ɗaya tak,
na manta a layi na arba'in da bakwai.
Abu kamar kashin ƙuda
ya hana ni barci har Laraba.

Ran da allon ya fara amsa mini,
ya rubuto "sannu" kamar yadda na koya masa,
na fita tsakar gida ba takalmi.
Inna na tuƙa koko, ta dube ni ta ce,
wa ya haihu?

Sai muka zauna, ni da Baba, bayan isha'i,
shi yana tuno, ni ina shigarwa.
Jadawali na son lamba ga kowane mutum.
Baba na da Issaka uku:
mai tari, mai babur, da wanda ya auri 'yar Tamale.
Jadawali na son ranar biya.
Baba ya ce, rubuta "bayan Sallah".
Ya ƙi karɓa.
Rubuta "in matarsa ta sauka lafiya".
Ya ƙi.
Rubuta "in Allah ya hore".
Jan rubutu ya cika allo.

Na kai ƙara wurin Sherifatu, tana kan murfin wata waya,
ko ɗagowa ba ta yi ba:
ka yarje wa gurbin ya zauna babu komai,
rumbu ya san bambancin sifili da "ba a sani ba tukuna".
Na dawo a toroto ina juya maganar.
Rabin Kejetia a wannan gurbin suke ci.

Jiya muka iso kan Malam Gariba.
Huhu biyu na marsa, tun kafin azumin bara.
Mun raka shi makwanci a watan Maris.
Baba ya daɗe yana murza ɓarin goro bai kai baki ba.
Ya ce, goge.

Na san umarnin, layi ɗaya ne, na iya shi tun makon jiya.
Yatsana na kan maɓalli
ya riƙe mini wuyan hannu.
Ba shi ba, in ji shi. Bashin.
Bar mini sunan inda yake.

Wannan wani umarnin ne daban,
ban kai babinsa ba.
Na buɗe darasi, wuta ta ɗauke,
batiri ya ce saura minti tara.
Baba ya kunna tocilan, ya haska mini haruffa,
har da biyun nan da suka goge.